Sri Aurobindo: ɗan gwagwarmayar Indiya da ya koma binciken tunanin ɗan Adam

A ranar 4 ga Afrilu 1910, jirgin ruwa ya sauke wani mutum mai shekara 37 a Pondichéry, garin bakin teku da ke kudancin Indiya, wanda a lokacin yake hannun Faransa. Ƴan sandan Ingila suna neman sa saboda wani rubutu da ya yi a jarida. Sunansa Aurobindo Ghose. Bai sake barin garin ba har ya mutu, kuma ya shafe shekara 40 yana bin diddigin tambaya guda: idan aka cire wa mutum tunaninsa da abubuwan da yake tunawa, me ya rage?

An haife shi a Kalkata ranar 15 ga Agusta 1872. Mahaifinsa likita ne mai son ƴaƴansa su tashi Turawa sak. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi Manchester tare da yayyensa biyu, aka damƙa su ga wani limamin coci bisa sharaɗin a nesanta su da al'adun Indiya. Ya yi karatu a Landan da jami'ar Cambridge, ya ƙware a Girkanci da Latin da Faransanci. Ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, amma bai je gwajin hawan doki ba, aikin ya kuɓuce masa.

Da ya koma gida a 1893, ko Bengali, harshen iyayensa, bai iya sosai ba. A masarautar Baroda, inda ya koyar da Faransanci da Ingilishi, ya zauna ya koye shi, ya haɗa da Sanskrit, harshen tsoffin littattafan Hindu. Bayan Ingila ta raba yankin Bengal biyu a 1905, ya koma Kalkata ya shiga siyasa gadan-gadan. A jaridar Bande Mataram ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka fito fili suka nemi cikakken ƴanci.

Ana tsakiyar wannan fafutuka ne, a Janairu 1908, ya haɗu da wani malamin yoga mai suna Vishnu Bhaskar Lele a Baroda. Malamin ya umarce shi ya zauna shiru, ya lura da tunani kamar baƙon da ke shigowa daga waje, ya kore shi kafin ya shigo. Aurobindo ya ba da labarin cewa cikin kwana uku kansa ya yi tsit, amma yana farke, yana sane da komai.

Wannan ya dace da wani tsohon ra'ayi na falsafar Hindu, mai raba cikin mutum kashi huɗu. Manas shi ke karɓar abin da ido da kunne suka kawo. Buddhi shi ke tantancewa ya yanke hukunci. Ahankara shi ke cewa ni ne, nawa ne. Citta kuwa rumbu ne, inda duk abin da mutum ya gani ko ya aikata yake barin sawu. A wurin malaman wannan falsafa, dukkansu kayan aiki ne. Bayansu akwai wayewa mai kallo kawai, wadda suke kira mai shaida. Hujjar da suka saba kawowa ita ce barci mai nauyi: tunani ya tsaya, amma mutum yakan farka ya san ya yi barci mai daɗi, alamar wani abu bai ɗauke ba.

A Mayu 1908 aka kama shi, bayan wani bam da aka jefa a Muzaffarpur ya kashe Turawa mata biyu. Ya yi shekara guda a gidan kason Alipore, wani ɓangare a ɗakin kaɗaici, yana karatu da zuzzurfan tunani. Kotu ta wanke shi a 1909, amma aka tura ƙanensa Barindra kaso a tsibiran Andaman. Da aka sake shirin kama shi, sai ya tsallaka yankin Faransa.

A Pondichéry ya haɗu da Paul Richard da matarsa Mirra Alfassa, haifaffiyar Paris. Tare suka kafa mujallar Arya a 1914, wadda ta ci gaba da fitowa har 1921. A cikinta ya fara buga babban littafinsa, The Life Divine, inda ya ware babuka kan tunawa. Ya ƙi yarda da masu cewa abin da mutum ke tunawa shi ne mutum. A ganinsa, hankali yana rayuwa ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, ba ya iya riƙe jiya da yau a lokaci guda, sai ya dogara da tunawa don ya haɗa su. Tunawa igiya ce mai ɗaure kaya, ba ita ce mai kayan ba. Wanda aka raba da harshensa yana yaro ya san nauyin wannan magana.

Ya kuma saɓa wa fassarar da ke ɗaukar duniya a matsayin ruɗi, wadda ake dangantawa da malami Shankara. Shi yana ganin wayewa tana ɓoye cikin ƙasa da dutse, ta bayyana a tsiro da dabba, ta zama hankali a jikin mutum, kuma akwai matakin da ke gaba da hankali.

Ba kowa ya ji daɗin janyewarsa ba. Tsoffin abokan gwagwarmaya sun yi ta kiran sa ya dawo, har an nemi ya shugabanci taron jam'iyyar Congress a 1920, ya ƙi. Daga 1926 ya shiga kaɗaici, ya bar wa Mirra Alfassa kula da almajirai. Indiya ta sami ƴanci ranar da ya cika shekara 75. Ya mutu ranar 5 ga Disamba 1950, shekara huɗu kafin Faransa ta miƙa wa Indiya garin da ya ba shi mafaka.