Waliyyi Martin na Tur, Majiɓincin Sojoji

An haifi Martin wajen shekara ta 316 a Sabariya, cikin ƙasar Hungari ta yau. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar daular Rum, shi ma aka sa shi aikin soja yana ɗan shekara 15.

Wata rana ana tsananin sanyi, ya tarar da wani mai bara a ƙofar birnin Amiyan, cikin Faransa, yana makyarkyata ba sutura. Martin ya zare takobi, ya raba alkyabbarsa biyu, ya ba shi rabi. Da dare ya ga Yesu cikin mafarki, sanye da wannan rabin. Ya karɓi baftisma, daga bisani ya ajiye makami. A 371 aka naɗa shi bishop na Tur. Ya rasu a 397, aka binne shi ran 11 ga Nuwamba, ranar idinsa ke nan.

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai tsofaffin sojoji a ikkilisiyoyinmu, waɗansu da rauni, waɗansu ba mai leƙa su. Mu ziyarce su da gwaurayen waɗanda suka faɗi a fagen fama, mu raba alkyabbarmu da su.