Alhaji Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya gina dalar gyaɗa a kan amana

Duk wanda ya tashi ba da labarin arzikin Kano a ƙarni na 20, da wuya ya yi nisa bai ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata ba. A lokacin da Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1955, ana ɗaukarsa a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Sai dai yawan dukiya kaɗai ba shi ne ya sa sunansa ya ƙi ɓacewa ba, domin an yi attajirai da dama waɗanda ƙasa ta rufe su tare da labarinsu. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya ɗaure arzikinsa da na dubban manoma da dillalai da masu jakuna da ’yan dako, har ya zamana bunƙasarsa da bunƙasar garuruwan ƙasar Kano sun tafi kafaɗa da kafaɗa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji da ke kudu da birnin Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne daga cikin Agalawa, wato ɗaya daga cikin manyan rukunonin fatake da suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ’yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Fatauci a wancan zamani ba ƙaramin aiki ba ne. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, ya ratsa ƙasar Borgu, ya yi watanni a hanya kafin ya isa kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau. A can ake sayen goron da aka kawo daga dazukan Asante, a naɗe shi cikin ganye, a yi huhu, a kama hanyar gida ana duba shi a kai a kai don kada ya lalace. Madugu shi ne shugaban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, kuma a wuyansa amanar rayuka da dukiyoyin ayari take. A cikin wannan tarbiyya aka haifi Alhassan.

Yana ɗan yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu. Da aka raba gado, mahaifiyarsa ta koma Akra da ke ƙasar Gwalkwas, wadda ita ce Ghana a yau, ta bar ’ya’yanta a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Wannan baiwar Allah ita ce ta raine shi, kuma daga sunanta ne ya samu laƙabin Ɗantata. Masu tarihi sun ruwaito cewa ita ce ta koya masa tattali da jefa ɗan abin da ya samu a cikin asusu. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma ’yan saye-saye da sayarwa don ya rufa wa kansa asiri, domin abin da ya samu na gado bai taka kara ya karya ba.

Yana matashi sai Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya ɗaiɗaita garuruwa da yawa, kuma Agalawan Bebeji na cikin waɗanda suka ji jiki. An ruwaito cewa an kama Alhassan da wasu ’yan uwansa a cikin wannan tarzoma, sai daga baya suka fanshi kansu. Bayan ƙura ta lafa ne ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa Gwalkwas, inda ya ƙara karatu, ya kuma shiga harkar da ya gada gadan-gadan.

Daga hanyar ƙasa zuwa hanyar teku

Zamansa a Gwalkwas ya zo daidai da wani babban sauyi. Kasuwar Salaga ta riga ta durƙushe sakamakon rikicin da ya auka mata a 1892, goro kuma ya fara gangarowa kudu zuwa bakin teku. A ɗaya ɓangaren, Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Tsofaffin fatake da yawa sun ci gaba da bin hanyar da suka gada kaka da kakanni, amma Alhassan yana cikin waɗanda suka fara lura cewa jirgin ruwa mai tafiya tsakanin tashoshin Gwalkwas da Legas yana cinye tafiyar watanni cikin ’yan kwanaki. Sai ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewayenta, ya loda shi a jirgi zuwa Legas, daga nan a haura da shi Arewa.

Hikimar da ke cikin wannan a fili take. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, don haka duk kwanan da aka rage a hanya riba ce. Haka kuma mai bin teku yana iya juya jarinsa sau da dama a cikin lokacin da mai ayari zai yi sawu ɗaya. Da wannan dabara ce Alhassan ya tara jarin da ya dawo da shi gida, ya kafa gidansa a unguwar Sarari cikin birnin Kano, kusa da Koki, inda zuriyarsa take har yau.

Zuwan jirgin ƙasa da zaɓin manoma

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Babban burin Turawa shi ne Arewa ta zama gonar audugar da za ta ciyar da masaƙun Ingila. Amma manoman ƙasar Kano sun yi nasu lissafin. Sun ga cewa gyaɗa ta fi auduga kuɗi a kasuwa, ƙasarsu mai jigawa tana karɓarta, ana iya shuka ta tare da gero da dawa, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cinta, a yi mai da ƙuli-ƙuli, a ba dabbobi harawa. A daidai lokacin kuma masana’antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo don yin sabulu da man shafa wa burodi. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgin Kano har ta fi ƙarfin taragon da ake da su.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli da rumbunan ajiya, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshen manoma, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka san wannan su ne tsofaffin fataken goro. Ta haka ne attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka zama gada tsakanin gona da tashar jirgi. A 1918 Kamfanin Neja ya jawo Alhassan Ɗantata ya zama mai saya masa gyaɗa, kuma cikin ’yan shekaru ya sha gaban takwarorinsa. Da aka kafa kamfanin UAC a 1929, ya ci gaba da zama babban dillalinsa a Kano.

Yadda ya tafiyar da harkar

Tsarin da ya bi shi ne wanda ya taso ya tarar a gidan fatauci. Yakan karɓi kuɗi daga kamfani, ya haɗa da nasa, ya rarraba wa yaransa. Su kuma su bazu cikin kasuwannin ƙauye, kowanne da nasa ƙananan masu saye, suna auna gyaɗa mudu-mudu har a cika buhu. Masu jakuna da raƙuma su kwaso, daga baya motoci suka shigo, ’yan dako su sauke su jera. Yawancin wannan hulɗa babu takardar yarjejeniya a cikinta, sanayya ce da riƙon alkawari. Wanda ya dawo da lissafi daidai sai a ƙara masa jari a kaka mai zuwa, wanda ya ci amana kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Mutane da yawa da suka fara a matsayin yaran Ɗantata sun zama masu gidan kansu, suka ɗauki wasu yaran, arziki ya riƙa yaɗo daga gida zuwa gida.

Bai tsaya a kan gyaɗa kaɗai ba. Ya ci gaba da cinikin goro, yana kai shanu kudu, yana sayar da tufafi da hatsi, ya kuma mallaki filaye da gidaje. Wannan ya sa idan kasuwa ɗaya ta yi sanyi wata ta tallafe shi, musamman a shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi warwas.

Lokacin da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank a yau, ya buɗe reshe a Kano a 1929, labarin da ya shahara shi ne Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Muhimmancin wannan labari ya wuce nuna yawan kuɗi. A zamanin da attajirai ke binne dukiyarsu a tukwane saboda rashin yarda da baƙon abu, ganin mutum kamarsa ya shiga banki ya sa wasu suka saki jiki.

Da sunansa ne kuma ake danganta dalar gyaɗa, wato jera buhunan gyaɗa dubbai a yi tsauni da su a fili kafin jirgi ya samu damar kwashewa. Larura ce ta haifar da ita, domin amfanin ya fi ƙarfin rumbu da tarago, amma ta zama tambarin Kano a idon duniya.

Gaskiyar tarihi ta buƙaci a faɗi cewa ba kowa ne ya ci moriyar wannan ciniki daidai wa daida ba. Kaso mafi tsoka yana tafiya ga kamfanonin waje, waɗanda su ke yanke farashi. Manomin da ya karɓi bashi da damina kuwa sau da yawa yakan sayar da amfaninsa da araha da kaka. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, gwamnati ce ta koma yanke farashi, tana riƙe rarar da ke tsakanin abin da ta biya manomi da abin da ta sayar a waje. Duk da haka, kasancewar akwai ’yan ƙasa masu jari irin su Ɗantata ya sa wani kaso na ribar ya tsaya a gida, ya zama gidaje da shaguna da jarin wasu. A shekarun ƙarshe na rayuwarsa ya samu lasisin saya wa hukumar kai tsaye, matsayin da a da kamfanonin waje ne suka mamaye shi.

Halayensa da rasuwarsa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai sauƙin rayuwa, mai tsantseni wajen kashe kuɗi, mai bin diddigin lissafi da kansa. Ya sauke farali tun zamanin da tafiya Makka take da wuya ƙwarai, ya kuma taimaka wa wasu suka je. An san shi da ciyarwa da girmama malamai, kuma bai bar ’ya’yansa su tashi cikin sangarta ba, sai da ya sa kowannensu ya koyi ciniki tun daga tushe.

Ya rasu a Kano a ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. An ruwaito cewa kafin cikawarsa ya tara ’ya’yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari harkar ta wargaje. Sau da yawa dukiyar attajiri a ƙasar Hausa takan watse da zarar an raba gado, amma gidan Ɗantata ya tsallake wannan ƙaddara. Kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba a hannun ’ya’yansa, Ahmadu ya fara jagoranta, sannan Aminu, wanda ya rasu a 2025. Wani ɗan nasa, Sanusi, shi ma ya zama hamshaƙin attajiri, kuma ta wajensa ne aka samu Alhaji Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa ’yar Sanusi ce.

Abin da ya rage

Dalar gyaɗa ta ci gaba da tashi bayan rasuwarsa, har Najeriya ta kasance a sahun gaba wajen fitar da gyaɗa a duniya a shekarun 1960. Daga baya fari ya auka wa Arewa a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, hankalin gwamnati kuma ya karkata ga man fetur. Filayen da dala ta tsaya a kansu yau gine-gine ne, matasa da yawa a hoto kawai suka san ta.

A yau da ake yawan shirya bukukuwan karrama ’yan kasuwa da al’ummomin da suka yi fice wajen raya yankunansu, rayuwar Ɗantata tana ba mu ma’aunin da ya kamata a auna da shi. Bai dace a tsaya ga tambayar nawa mutum ya tara ba, a tambaya mutum nawa suka tsaya da ƙafafunsu ta dalilinsa, kuma nawa ne daga cikin ribarsa ya zauna a garin da aka same ta. Haka kuma idan an ambaci sunansa, ya kamata a tuna da manoman da suka zaɓi gyaɗa a kan auduga, da ’yan dakon da suka hau da buhuna har ƙololuwar dala, da dattijuwar nan ta Bebeji wadda ta riƙe maraya, ga shi har yau ana kiran sunanta duk lokacin da aka kira nasa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.