Yeshayahu Leibowitz (1903–1994): Malamin da Ya Tuhumi Tsarkake Ƙasa

An haifi Yeshayahu Leibowitz a birnin Riga na ƙasar Latviya a shekarar 1903, a gidan Yahudawa masu riƙo da addini. Ya karanci ilimin sinadarai da falsafa a Berlin, inda ya sami digirin digirgir a 1924, sannan ya kammala karatun likitanci a Basel a 1934. Daga nan ya yi ƙaura zuwa Falasɗinu, lokacin tana hannun Ingila, ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus. Ya kuma zama babban editan kundin ilimi na harshen Ibrananci.

Leibowitz ya goyi bayan kafa Isra'ila, amma a wurinsa ƙasa kayan aiki ce da mutane suka ƙirƙira don biyan buƙatunsu, tsarki kuwa na Ubangiji ne kaɗai. Wannan aƙida ce ta raba shi da malaman da ke ɗaukar ƙasar a matsayin cikar alkawarin Allah, ta kuma sa ya nemi a raba addini da gwamnati.

Aƙidar ta bayyana sarai bayan abin da ya auku a ƙauyen Ƙibya na Gaɓar Yamma a watan Oktoban 1953. An kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a garin Yehud, sai dakarun Isra'ila ƙarƙashin Ariel Sharon suka kai harin ramuwa, suka rusa gidaje, suka hallaka Falasɗinawa fiye da 60, akasarinsu mata da yara. Firaminista Ben-Gurion ya musanta hannun sojoji a ciki. A maƙalar da ya rubuta kan lamarin, Leibowitz ya tsaya ne a kan tambaya ɗaya: me ya cire wa matasan da aka tarbiyyantar a kan darajar ran ɗan Adam jin nauyin kisa? Amsarsa ita ce, idan aka ɗauki kalmar tsarki aka ɗora wa ƙasa da tsaronta, duk abin da aka aikata da sunansu sai ya zama halal a zuciyar mai aikatawa. Ya kafa hujja da riwayar Attaura, inda Yaƙubu ya la'anci fushin 'ya'yansa biyu bayan kisan da suka yi a Shekem, duk da cewa suna da dalilin yin fushin.

Bayan yaƙin 1967, yayin da jama'a ke murnar nasara, ya yi gargaɗin cewa mulkin wata al'umma da ƙarfin tuwo zai mayar da Isra'ila ƙasar 'yan leƙen asiri, ya kuma gurɓata tarbiyyar mamayan kansu. Daga baya ya kira matasa su ƙi aikin soja a yankunan da aka mamaye. Harshensa na da kaifi ƙwarai, har ya kwatanta wasu halayen mamaya da na 'yan Nazi, abin da ya sa ko masu ra'ayinsa suka ga ya wuce gona da iri.

A 1993 aka zaɓe shi don Lambar Yabo ta Isra'ila. Kafin bikin, ya kwatanta sojojin da ke shigar burtu cikin Falasɗinawa da mayaƙan Hamas, ƙungiyar da ta ƙi yarjejeniyar Oslo da Yasser Arafat ya amince da ita a wannan shekara. Firaminista Yitzhak Rabin ya ce ba zai halarci bikin ba, Leibowitz kuwa ya janye daga karɓar lambar.

Ya rasu a Ƙudus cikin watan Agustan 1994, watanni shida bayan Baruch Goldstein ya kashe masallata 29 a Masallacin Ibrahim da ke Hebron. A watan Nuwamban 1995 Yigal Amir, ɗalibi Bayahude mai kishin addini, ya harbe Rabin saboda ya yarda a miƙa wani yanki na ƙasar da Amir ke ɗauka mai tsarki.