Alhaji Aliyu Makaman Bida, Ma'ajin Gwamnatin Sardauna

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin tsohuwar Jihar Arewa ta Nijeriya, sunan Sardauna Ahmadu Bello ne ke fara zuwa baki. To amma mu da muke kwana muna tashi da lissafin uwar kuɗi da riba, ya kamata mu san mutumin da makullin baitulmali yake hannunsa a wancan zamani, wato Alhaji Aliyu Makaman Bida.

An haife shi a shekarar 1905 a ƙasar Nufe. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya koma Bida ya kama aikin malanta har ya zama shugaban makarantar Midil. Daga nan ya shiga majalisar Etsu Nufe yana kula da sha'anin ilimi. A 1952 yana cikin 'yan Arewa na farko da aka naɗa ministoci a Kaduna, aka ba shi ilimi.

A ƙarshen shekarun 1950 ne aka danƙa masa ma'aikatar kuɗi, aikin da a da Bature ne kaɗai ke riƙewa. Duk macen da ta taɓa zama uwar adashi ta san nauyin wannan kujera. Kuɗin ba naka ba ne, kowa na ganin shi ya fi cancanta ya fara kwasa, kai kuma kai ne mai cewa a dakata. Kowace shekara ma'aikatu kan kawo masa buƙatunsu, wannan na son asibiti, wancan na son hanya, shi kuma ya auna su da abin da ake sa ran zai shigo, ya rage na ragewa, ya kai kasafin gaban Majalisar Wakilai a Kaduna kafin sabuwar shekarar kuɗi ta kama ranar 1 ga Afrilu. Abin da majalisa ba ta amince da shi ba, ko sisi ba ya halatta a fitar, kuma a ƙarshe masu binciken kuɗi su bi takardu.

Ina kuɗin ke fitowa? Haraji, wanda mu nan Gidan Rumji muke kira lanho, da jangalin shanu, En'e-En'e ne ke tarawa, su ba gwamnatin jiha wani kaso. Akwai rabon da ke zuwa daga Legas, inda tsarin 1958 ya ba Arewa kashi 40 cikin 100 na asusun da jihohi ke rabawa. Sai kuma gyaɗa da auduga. Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanka farashi, ta saya hannun manomi ta hanyar dillalanta, ta sayar a Turai. Sau da yawa abin da manomi ke karɓa bai kai farashin kasuwar duniya ba, rarar kuma ta tafi ayyukan raya ƙasa. A ganinmu, idan ana yabon masaƙar Kaduna ta 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962, a riƙa tunawa da talakan da ya ɗauki nauyin, ko da ba a shawarce shi ba. Mu ma abin ya shafe mu, domin kakanninmu na ƙasar Maraɗi suna sa kunne su ji farashin Kano kafin su san inda za su kai gyaɗarsu.

Makama shi ne kuma ma'ajin jam'iyyar NPC. Jakar gwamnati da jakar jam'iyya a hannu ɗaya, abin da a yau da wuya a yi shiru a kai. Sardauna dai ya yarda da shi ƙwarai, har shi yakan bar wa riƙon kujerar Firimiya idan ya yi tafiya.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna a cikinsa, shi ya kawo ƙarshen aikinsa na minista. Da sojoji suka ɗage haramcin siyasa a 1978, yana cikin dattawan da suka kafa jam'iyyar NPN, wadda ta tsayar da Shehu Shagari. Ya rasu a 1980. Allah Ya jiƙansa.