Alice Milliat: Matar Da Ta Nema Wa Mata Fili A Wasannin Olamfik

Kun san dai a wasannin Olamfik ba a tara 'yan wasa wuri ɗaya a ce su kara. Kowane wasa an karkasa shi gasa-gasa, kowace gasa da lambar zinariyarta. Guje-guje da tsalle-tsalle wasa ɗaya ne, amma gudun mita 100 na maza gasa ce daban, na mata kuma daban. Watau in ba a buɗe wa mata gasa ba, ko mace ta fi barewa gudu ba ta da wurin nuna gwaninta. To, yau labarin matar da ta yi fama a kan wannan za mu ji.

An haifi Alice Milliat a garin Nantes na ƙasar Faransa a 1884. Ta yi aure a Landan a 1904, bayan shekara huɗu mijin ya rasu. Da ta koma gida sai ta duƙufa ga tuƙin kwalekwale, har ta zama shugabar ƙungiyar wasannin mata ta Faransa a 1919.

A lokacin nan mata sun taɓa shiga Olamfik, tun 1900 suka buga tanis, amma an hana su guje-guje. Alice ta roƙi shugabannin wasannin su buɗe musu, suka ƙi. Ba ta zauna ta yi tagumi ba. A 1921 ta kafa ƙungiyar wasannin mata ta duniya, a 1922 kuma ta shirya wa mata nasu wasannin a Paris, ƙasashe 5 suka zo, jama'a suka yi cincirindo wurin kallo. Aka sake yi a 1926, da 1930, da 1934.

Da shugabannin suka ga abin yana bunƙasa, sai suka sassauto. A Amsterdam a 1928 aka ba mata gasa 5: gudun mita 100, da na mita 800, da gudun miƙa sanda, da tsallen sama, da jifan faifai. Alice ba ta gamsu ba, gama na maza sun haura 20. Sa'an nan aka ce wai mita 800 ya fi ƙarfin mace, aka cire shi, bai dawo ba sai 1960.

Ta rasu a 1957, an kusa mantawa da ita. Amma abin da ta shuka ya yi yabanya. An buɗe wa mata dogon tsalle a 1948, a cikinsa kuwa Chioma Ajunwa ta ciwo wa Nijeriya zinariya a 1996. A Paris a 2024 aka ware wa mata gurabe daidai da na maza.

Saboda haka iyaye, in an zo wasannin makaranta, a tambayi malamai ko an shirya wa 'yan mata nasu gasar, cikin sutura da mutunci. Ku kuma 'yan makaranta, in an buɗe fili kada kunya ta hana ku shiga. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.