Malam Aminu Kano da Lissafin da ya Manta da Talaka

Duk mazaunin Doka da ke wucewa ta gaban Zauren Lugard ya san cewa a wannan gari aka daɗe ana tsara kasafin kuɗin Jihar Arewa. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, an yi wani bawan Allah da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar wa ke riƙe da alƙalamin lissafin, kuma me aka bari ba a rubuta ba.

An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a gidan malamai. Ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A dandalin muhawarar da suke yi a can ne ya nemi a fayyace ma'aunin da ake yanka wa sarakuna albashi. Ba a jima ba hukuma ta rufe dandalin.

Dalilin wannan tambaya a fili yake. Littafin baitulmalin En'e yana nuna haraji da jangalin da aka tara daki-daki, amma babu shafin da ke nuna aikin tilas, ko akuyar da magidanci ya sayar don ya biya kuɗin ƙasa, ko gonar da aka ƙwace. Lissafin daidai yake a idon Razdan, a wurin talaka kuwa rabin labari ne. Wannan giɓi ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sa a gaba, Malam kuma ya zama shugabanta a 1953. Bai tsaya kan maza kaɗai ba, domin ya dage sai matan Arewa sun sami 'yancin zaɓe, tare da irin su Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri a kan haka.

A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Sai dai a Afrilun 1980 aka ga sabon salon tsohuwar cuta a madatsar ruwan Bakolori da ke Talata Mafara: an ƙididdige kadadar da za a shayar, aka yi sakaci da diyyar manoman da suka rasa gonakinsu, da suka yi bore kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ya bar gidansa na Mumbayya da ke Gwammaja, ba tare da wata dukiya ta a-zo-a-gani ba.

To, ina muka kwana? Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli, a 2011 kuma aka sami dokar 'yancin samun bayanai. Amma galibin rahotannin da ake fitarwa ƙwararru ne ke rubuta su da Turanci, don idon hukuma da masu hannun jari. Masunci da mai noman lambu a bakin Kogin Kaduna, waɗanda su suka fi sanin ranar da ruwa ya sauya launi, ba a cika neman shaidarsu ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu akantoci da injiniyoyi da lauyoyi, alƙalamin yanzu a hannunmu yake. Kamata ya yi a fassara waɗannan rahotanni zuwa harsunan jama'a, a karanta su a unguwanni gaban maza da mata, a kuma ba al'umma dama su gabatar da nasu lissafin ko da ya saɓa wa namu. In mun kasa yin haka, mun zama En'en da Malam ya yaƙa. Allah Ya jiƙansa da rahama.