Shehu Hayatu Ɗan Sa'idu, Malami A Tsakanin Mayaƙa

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu. A nan kusa ne rundunar Kano ta gamu da sojan Turawa cikin watan Fabrairu na 1903, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a wurin. Ran 15 ga watan Maris aka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya biyo ta Gusau ya nufi gabas, jama'a na ta barin gonakinsu suna binsa, har tafiya ta tuƙe a Burmi. Wannan labari kowane malamin makaranta ya san shi. Abin da ba kasafai a kan tambaya ba shi ne, me ya sa zukatan mutane suka karkata gabas haka, me kuma ya sa Burmi ce ta buɗe musu ƙofa. Amsar tana cikin tarihin wani ɗan gidan Shehu da ya riga su bin wannan hanya da shekara 25, watau Hayatu ɗan Sa'idu.

Asalinsa

An haifi Hayatu a ƙasar Sakkwato wajen shekarar 1840. Ubansa Sa'idu ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, saboda haka shi jikan Bello ne, tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sa'idu malami ne sananne, ɗan kuma ya tashi cikin karatu ya gaji uban. Amma sarauta ba ta faɗo ɗakinsu ba. Da Ahmadu Rufa'i ya rasu a 1873 aka naɗa Abubakar Atiku na Raba, da shi kuma ya rasu a 1877 aka naɗa Mu'azu, dukkansu 'ya'yan Bello ne, 'yan'uwan Sa'idu. Wajen 1878 Hayatu ya yi sallama da Sakkwato ya kama hanyar gabas.

Kada mu ɗauka fushin sarauta kaɗai ya fitar da shi. Tun zamanin jihadi jama'ar Shehu suna sauraron bayyanar Mahadi. Shehu da kansa ya bayyana a rubuce cewa ba shi ne ba, amma ya karantar da almajiransa cewa lokacin ya matso. Bello kuwa har ya umarci Modibbo Adama na Adamawa ya riƙa aika mutane wajen Wadai da Darfur su yi ta sauraron labari. Ga shi kuma ƙarni na 13 na Hijira yana ƙarewa, shekarar 1300 za ta kama a ƙarshen 1882. Mutane suka soma ƙaura gabas ƙungiya ƙungiya, har Nana Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana nuna cewa lokacin ƙaura bai yi ba. A cikin wannan iska Hayatu ya tashi.

Daga Yola zuwa Balda

Lamido Sanda ya karɓe shi a Yola da girma irin wanda ya kamaci jinin Shehu. Ya zauna 'yan shekaru yana karantarwa, almajirai da dukiya suka taru gare shi. Wajen 1882 ya matsa arewa maso gabas, ya kafa zama a Balda, kusa da Bogo a ƙasar Marwa, wadda ta ke cikin Kamaru yanzu. Wuri ne na bakin iyaka, nesa da idon Yola, kusa da hanyar alhazai. Daga nan ya riƙa kai yaƙi ƙasar Musgum, garin ya cika da mayaƙa da baƙi.

Ana cikin haka labari ya zo daga bakin kogin Nilu. A 1881 wani malami, Muhammadu Ahmad, ya bayyana a tsibirin Aba cewa shi ne Mahadi. A 1883 ya ci birnin Ubayyid, ya kuma hallaka rundunar Masar da Bature Hicks ya jagoranta. A watan Janairu na 1885 ya ci Hartum. Hayatu ya aika masa da manzo ya yi mubaya'a, amsa kuwa ta dawo da naɗi: an sa shi wakilin Mahadi bisa jama'ar Shehu Usmanu duka. Mu duba nauyin wannan takarda. Mutumin da bai sami sarauta a gida ba, ga shi an ɗora shi bisa Sarkin Musulmi da sarakunan tuta gaba ɗaya, amma fa a takarda.

Yaƙin takardu

Makamin Hayatu na farko alƙalami ne. Ya rubuta wa danginsa na Sakkwato da sarakuna da malamai, yana kiransu su shiga abin da ya shiga, yana kafa hujja da abin da kakanninsu suka rubuta. Sarkin Musulmi na lokacin, Umaru ɗan Aliyu Babba, ɗan'uwansa ne, kakansu ɗaya. Umaru da malamansa suka ƙi. Dalilansu ba boyayyu ba ne. Alamomin da littattafai suka ambata ba su ga sun cika ba. Sa'an nan Mahadin Sudan ya dakatar da ɗariƙu da mazhabobi, alhali Sakkwato a kan Ƙadiriyya da mazhabar Maliku aka gina ta. Bayan wannan kuma, karɓar kiran yana nufin Sarkin Musulmi ya koma ƙarƙashin ƙanensa da ke zaune a wani ƙauyen bakin iyaka.

Da manya suka rufe ƙofa, sai kiran ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. A garuruwan da sarki bai yarda ba, mai bin Mahadiyya ya kan ɓoye abinsa, ya karanta ratibin Mahadi safe da la'asar a cikin gida, ya san 'yan'uwansa su san shi. Labari da takardu suka riƙa bin fatake da alhazai da almajirai masu yawon karatu. Inda suka sami ƙarfi kuwa sai su fito fili da tuta da jibba mai faci. Haka jama'ar ta zama iri biyu, ta sarari a Balda, ta ɓoye a cikin ƙasashen sarakuna.

Babban wanda ya amsa kira shi ne Malam Jibrilla Gaini, wanda ya kafa Burmi a bakin kogin Gongola. Jarumi ne ƙwarai, ya gagari Gombe, har Sarkin Gombe Zailani ya rasu wajen yaƙi da shi a 1888, sarakunan gabas kuma suka taru masa ba su ci garin ba. Amma Gaini mai kansa ne, tsakaninsa da Balda tafiya ce mai nisa. Ta gabas ma hanya ba ta buɗe ba. Shugaban Sanusiyya ya ƙi muƙamin halifa da Mahadi ya miƙa masa, Sarkin Wadai Yusufu kuwa na Sanusiyya ne, ya tare tsakani. Mahadi ya rasu a watan Yuni na 1885, Halifa Abdullahi da ya gaje shi yana fama da yaƙe-yaƙensa. Ashe wakilin yamma ba shi da mai kawo masa ko bindiga ɗaya daga Omdurman.

Lamido Sanda ya yi haƙuri da Hayatu har ya rasu a 1890. Zubairu da ya gaje shi mutum ne mai zafi, bai ga dalilin da zai bar wata daula ta tsiro cikin daularsa ba. Shekara biyu ko uku da hawansa ya ɗaura yaƙi ya nufi Balda. Da yawa cikin mutanensa zare takobi ga jinin Shehu ya yi musu nauyi, aka kuwa kori rundunar Yola. Hayatu ya ci nasara, amma nasarar ta nuna masa iyakar ƙarfinsa. Ya iya tsare kansa a yini guda, ba shi da rundunar da za ta ci Yola, balle ta kai shi Sakkwato.

Ƙawance da Rabe

A nan ne ya juya ga Rabe ɗan Fadlallahi. Rabe mutumin wajen Hartum ne, ya yi barde a ƙarƙashin Zubairu Basha mai fataucin bayi. Da gwamnatin Masar ta karya ɗan maigidansa, Sulaimanu, a 1879, sai ya ja ragowar mayaƙa ya yi yamma, yana ci da bakin bindiga shekara da shekaru. Sojansa horarru ne, an raba su tuta tuta, kowace da shugabanta. Ya sa musu jibbar Mahadiyya, amma da Halifa ya kira shi Omdurman bai je ba.

Kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa. Rabe yana da bindiga, ba shi da asali a wannan ƙasa, ba kuma wanda zai karɓe shi don Allah. Hayatu yana da asali da ilmi da mabiya a ɓoye cikin garuruwa, ba shi da bindiga. A 1893 ya bar Balda ya haɗu da Rabe, aka ƙulla abin da aure, ya auri Hauwa 'yar Rabe. A wannan shekara suka shiga Barno, aka karya rundunar Shehu Hashimi, aka ƙone Kukawa. A 1894 Rabe ya kashe Shehu Kiyari, ya zauna a Dikwa ya mai da ita babban birninsa.

A lissafin Hayatu, Barno zango ce, Sakkwato ce masauki. Lokacin ma kamar ya dace, gama Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke kira Ɗanyen Kasko, yana cikin wahala. Ya murƙushe tawayen Mafara a nan Zamfara da tsanani, Argungu ta kore shi, Kano kuma ta faɗa cikin basasa tun daga 1893. Amma lissafin Rabe dabam ne. Ya sami ƙasa mai haraji, abin da ya ke nema shi ne albarushi da hanyar ciniki, musamman da Sakkwato ta hana fatauci da shi. Aka ba Hayatu girma da limanci a Dikwa, aka hana shi iko. Mai gari ya zama baƙo a gidan surukinsa, ba ya fita sai da izini. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Shekara huɗu yana cikin wannan hali. Da Rabe ya fita da runduna wajen Bagarmi, bayan Faransawa sun ɓullo ta kogin Shari a 1897, sai Hayatu ya ga dama ta samu. Ya aika wa Malam Jibrilla a asirce, aka turo masa mahaya su raka shi. Ya fita Dikwa da mutanensa, amma Fadlallahi ɗan Rabe, ɗan'uwan matarsa, wanda aka bar wa tsaron gari, ya bi su ya tarar da su. Aka yi yaƙi, aka kashe Hayatu a farkon 1898, yana da shekara kusan 58.

Abin da ya biyo baya

Ba wanda ya daɗe a cikin waɗanda suka yi wannan kokawa. A watan Satumba na 1898 Ingilishi suka karya Halifa a Omdurman. Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, suka kashe Fadlallahi a Gujba a 1901. A wannan shekara aka fitar da Zubairu daga Yola. A 1902 aka kama Malam Jibrilla aka kai shi Lokoja. Amma jama'ar da aka tara ba ta watse ba. Ita ce ta karɓi Attahiru a Burmi, ta tsaya tare da shi har ran 27 ga Yuli 1903 da ya rasu a bakin daga. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a Sudan, garin da suka kafa a bakin Nilu yana nan da sunansa. Abin mamaki, gidan da ya ƙi kiran Hayatu, a garin abokinsa ya sami mafaka ta ƙarshe.

Turawa ma ba su daina jin tsoron wannan jama'a ba, musamman bayan abin da ya faru a Satiru a 1906. Ɗan Hayatu, Shehu Sa'idu, ya tara mabiya a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, aka kama shi a 1923 aka kai shi Buea a Kamaru, daga baya aka mai da shi Kano, ba a sake shi sarai ba sai 1959. Ya rasu a 1978.

Irin wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A Japan, zamanin da sarakunan yaƙi suka rarraba ƙasar, wata jama'ar addinin Buda ta Honganji ta yi ƙarfi ƙwarai a cikin talakawa. Sarkin yaƙi Oda Nobunaga ya kewaye kagararsu, inda birnin Osaka ya ke yanzu, daga 1570 har 1580. Dogararsu ga jiragen ruwan wani gidan sarauta ne, gidan Mori, masu kawo musu abinci. Da aka karya jiragen a 1578, ba a daɗe ba shugabansu Kennyo ya sallama.

Mu da mu ke aiki da takarda da alƙalami, a ofis ko a aji, ya kamata mu auna Hayatu da adalci. Malami ne na gaske, abin da ya gaskata kuma ya bi shi har ya ba da ransa. Da takarda kaɗai ya haɗa mutane daga Gongola har Nilu, abin da sarakuna masu dawaki ba su iya ba. Inda lissafinsa ya karye shi ne ranar da ya ɗauka zai ari rundunar wani ya biya bukatarsa da ita. Rabe ya sami abin da ya ke so daga sunan gidan Shehu tun ranar da aka shiga Kukawa, daga ranar kuwa ba shi da sauran bukatar mai sunan, sai dai kada ya kuɓuce ya kai wa wani. Allah ya jiƙan magabata, ya gafarta musu kurakuransu.